Sana'ar Tsara Harshen Kwamfuta: Aikin Mutum Uku a Kan Go

Duk manhajar da ke cikin wayarka da wani harshe aka rubuta ta, harshen kuwa wasu ne suka zauna suka tsara shi. Sana'a ce mai zaman kanta. Masu yin ta kaɗan ne, kuma da wuya a samu wanda ya fara daga babu.

A watan Satumba na 2007, ma'aikatan Google uku, Robert Griesemer da Rob Pike da Ken Thompson, suka gaji da dogon jiran da harshen C++ ke sa su kafin babbar manhaja ta haɗu. Sai suka tsaya gaban allo suka fara zayyana harshen da ya zama Go. Kowa da gadon da ya zo da shi. Thompson ne ya ƙirƙiro B a Bell Labs, harshen da ya haifi C, don haka Go ya ɗauko kamannin C. Griesemer ya yi karatu a Zurich, gidan Niklaus Wirth mai harsunan Pascal da Oberon. Daga wannan zuriya aka samo ɗabi'ar fara rubuta sunan abu kafin a faɗi irinsa. Pike kuwa ya daɗe yana gwada tunanin da Tony Hoare ya wallafa a 1978, na yadda ayyuka da yawa za su gudana tare suna aika wa juna saƙo.

Amma tattaro gado ba shi ne mai wuya ba. Ƙa'idarsu ita ce ba abin da zai shiga harshen sai duk su ukun sun yarda. A ganina nan gwanintar take, domin kamar tela ne, yankan da ya yi shi ke fitar da riga. Keɓaɓɓun kalmomin Go 25 ne kacal. In ka jawo wani kunshin aiki cikin rubutunka ba ka yi amfani da shi ba, harshen ba zai lallashe ka ba, manhajar ba za ta haɗu ba sai ka cire shi. Hatta gardamar inda za a bar tazara a layi sun kashe ta da gofmt, wanda ke jera rubutun kowa iri ɗaya.

Wani gadon ya shafe mu kai tsaye. Thompson da Pike ne suka tsara UTF-8, tsarin wakiltar haruffa a kwamfuta, a 1992, kuma da shi ake rubuta Go, saboda haka ɗalibi a Kano zai iya sa ƙ ko ɗ a sunan da ya raɗa cikin manhajarsa.

An fitar da Go ga jama'a a Nuwamba 2009. Masu amfani da shi sun yi shekaru suna roƙon a ba su hanyar rubuta aiki ɗaya da zai karɓi bayanai iri-iri, masu harshen suna cewa a dakata. Ba a saka ta ba sai a Maris 2022.