Dalilin Da Ya Sa Ake Ɗora Tanki A Sama

In hunturu ya kama a Toranke, kome sai ya bushe ƙayau, da jinka da dangar kara da rumbu. Tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa ya cinye abincin shekara. Kafin a jawo guga goma daga rijiya, wuta ta gama ɓarna. Abin da ake bukata a irin wannan rana shi ne ruwa a kusa, mai fita da ƙarfi, wanda zai kai kan jinka.

To, ina ruwa ke samun wannan ƙarfi? Ku gwada da kanku. Ku sami dogon gwangwani, ku huda shi da ƙusa wuri uku, sama da tsakiya da gindi, sa'an nan ku cika shi da ruwa. Za ku ga na hudar sama yana zuba a hankali, na gindi kuwa yana tsartuwa da ƙarfi. Dalili shi ne ruwa yana da nauyi, lita 1 kilo 1 ce, na sama kuma yana danne na ƙasa.

Saboda haka ake ɗora tanki a sama. Tsawo ke ba da ƙarfi, ba faɗin tanki ba. In ruwan tanki yana bisa ƙafa 20, ƙarfinsa a bakin famfo ya ninka na ƙafa 10. Amma kome kyan tiyo, ruwa ba zai tashi ya wuce tsawon tankinsa ba. Watau wajibi ne tanki ya ɗara rufin ɗaki.

Dabarar nan aka yi wa birnin Kano. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka kafa injin ruwa a Challawa, aka riƙa tura ruwa kan Goron Dutse, daga can ya gangaro gari da nauyin kansa.

Sai dai tanki wofi ba ya kashe wuta. A riƙa barinsa cike, tiyo kuma a rataye kusa da famfo. Wutar fetur ko ta mai ba a zuba mata ruwa, sai yashi. Ta lantarki kuma sai an kashe lantarkin tukuna. Ku kuwa yara, in kun ga gobara, ku fita waje ku yi kururuwa, manya su zo.