Gyaran Hoton Namun Daji da Inda Ya Kamata a Tsaya

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in ɗan yi muku bayani a kan wani abin da na koya sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa. Da kunya na koye shi, don haka na ga ya kamata in faɗa muku, kada waninku ya faɗa ramin da na faɗa.

Makarantar da aka kai ni tana Kado, a Abuja, ba nisa da tafkin Jabi. Aji huɗu aka ba ni, darasinmu kuwa ya zo kan tsuntsaye. Tun muna makarantar mishan aka hore mu kada malami ya shiga aji ba abin da zai nuna wa yara. To, ran wata Asabar da sassafe, cikin damina, sai na ari kyamarar wani abokina na tafi bakin tafki. Na yi sa'a na sami balbela tana kiwo cikin ciyawa, na ɗauke ta.

Da na koma gida na sa hoton a kwamfuta, sai na ga abu biyu ba su gamshe ni ba. Akwai ledoji da gorar roba a bayan tsuntsuwar, na shafe su. Sa'an nan na ga wani ja-ja a kanta da ƙirjinta, na zaci laka ce, na goge shi har ta zama fara fat.

Ran Litinin ina ɗaga hoton sai wani yaro, wanda uwarsa ke sayar da kifi a kasuwar kifi ta Kado, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan ba Jabi ba ne. Ina ledojin?" Aji ya fashe da dariya. Bayan an tashi, malamin da ya zo duba koyarwata ya ce in nuna masa hoton na asali. Ya duba, ya ce, "Samari, abin da ka goge ba laka ba ne. Ado ne da balbela kan yi in lokacin saƙa sheƙa da yin ƙwai ya zo. Ka shafe darasin da kansa." Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure." Ashe gyaran gangar Abzinawa na yi.

Kada wani ya ɗauka gyaran hoto laifi ne. Kyamara ba ta gani kamar yadda ido ya ke gani. Ido yana iya ganin farin gashin tsuntsu da inuwar gindin itace a lokaci guda, ita kuwa kyamara sau da yawa in ta kama ɗaya sai ɗayan ya ɓace. Sabo da haka ne a ke gyara. Manhajar da ta fi suna a wannan aiki ita ce Photoshop, wadda wasu 'yan'uwa biyu mutanen Amurka, Thomas Knoll da John Knoll, suka ƙirƙiro, kamfanin Adobe ya fitar da ita a 1990. Akwai kuma Lightroom ta kamfanin nan. Wanda ba shi da kuɗi yana iya aiki da GIMP a kwamfuta, ko Snapseed a waya, duka kyauta ne.

Ga yadda na koyi bin aikin daki-daki.

Na farko, a ajiye hoton asali wuri dabam, a yi aiki a kan kwafinsa. In kyamarar tana ɗaukar irin hoton da a ke kira RAW, watau ɗanyen hoto wanda kyamara ba ta sarrafa ba, to a zaɓe shi, don ya fi JPEG riƙe haske da launi.

Na biyu, a rage gefe. In tsuntsun ya yi ƙanƙane a tsakiyar fili, a datse gefunan don ya fito sosai, amma a bar masa sarari ta wajen da ya ke kallo. In an datse da yawa hoton zai yi dishi-dishi.

Na uku, haske. Farin tsuntsu irin balbela ya kan yi ƙyalli a rana har ba a ganin layin gashinsa. Sai a rage hasken wuraren da suka fi fari kaɗai. Baƙin tsuntsu kuwa, ko baƙin jikin hankaka, sai a ɗan buɗe inuwarsa.

Na huɗu, launi. Hasken safiya ya kan ja hoto wajen rawaya, inuwa ta ja shi wajen shuɗi, hazon hunturu kuma ya kan sa kome ya yi toka-toka. A daidaita har launin ya koma yadda ido ya gan shi a wurin, sa'an nan a ɗauke hannu. Nan ne yawancinmu mu kan zarce, mu mai da ciyawa kore shar kamar an yi mata fenti.

Na biyar, a ɗan ƙara kaifin hoton, musamman wajen idon dabbar, kuma a share ɗigon ƙurar da ta shiga kyamara.

Duk waɗannan gyara ne na halal, don suna komar da hoto ga abin da ya ke a wurin. Amma ƙara dabbar da ba ta nan, ko cire abin da ya ke nan, ko matsar da wani abu, ko sāke kamannin dabba, wannan ya tashi daga gyara ya koma ƙarya.

Ba ni kaɗai na taɓa ƙetare wannan iyaka ba, manya ma sun yi. A 1982 mujallar National Geographic ta Amurka ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da 'yar'uwarta don hoton ya shiga bangon mujallar, aka yi ta zarginta. A ƙasar Sin, wani mai ɗaukar hoto, Liu Weiqiang, ya fitar da hoton garken barewar Tibet suna gudu kusa da gadar jirgin ƙasa, jirgi yana wucewa. Hoton ya ci lambar yabo a 2006, mutane kuma suka ɗauke shi shaida cewa sabuwar hanyar jirgin ba ta damun dabbobin. A 2008 aka gane hotuna biyu ne ya haɗa, ya amsa laifinsa, ya bar aikinsa. Ku duba fa, ƙaryar hoto guda ta rufe wa jama'a ido a kan halin da dabbobi su ke ciki.

Har wa yau, gidan tarihin halittu na Landan yana shirya gasar hoton namun daji kowace shekara. A 2017 wani mutumin Birazil, Marcio Cabral, ya ci wani rukuni da hoton wata dabba mai cin gara, mai kama da dabgi, a gindin suri da dare. A 2018 masana biyar suka bincika, suka ce dabbar matacciya ce da aka cusa wa fatarta kaya, wadda a ke ajiyewa a ƙofar gandun daji na Emas. Shi ya musa, amma aka karɓe lambar. Cikin abin da aka duba har da ɗanyun hotunan da ya ɗauka kafin wannan da bayansa, ba a ga dabbar a cikinsu ba. Kun ga amfanin ajiye hoton asali: shi ne mai shaidarka, ko mai tona ka.

Mu malamai abin ya fi shafarmu. Yaro da yawa a birni bai taɓa ganin giwa ko gwanki ba, watakila kuma ba zai sami zuwa Yankari ba. Abin da muka ɗaga masa a aji shi ne dabbar a wurinsa, shi zai riƙe har ya girma. Yanzu kuwa ga manhajoji masu ƙirƙiro hoton dabbar da ba a taɓa haifa ba, cikin ƙiftawar ido. In yara suka saba malami yana ƙawata musu gaskiya, ran da ya nuna musu ta ainihi ba za su yarda ba.

Mako na gaba na koma ajin da hotuna biyu, na asali da wanda na ɓata, na ce su nemo bambanci. Suka nemo ja-jan ƙirjin, muka yi magana a kan lokacin ƙwai. Suka nemo ledojin, muka yi magana a kan abin da shara ke yi wa ruwa da kifi. Ban taɓa yin darasin da ya yi armashi kamarsa ba.

Don haka 'yan'uwa, in kun zauna gyaran hoto, ku tambayi kanku: haka idona ya gani? In amsar i ce, ku ci gaba. In a'a ce, ku janye hannu. Hausawa sun ce kowa ya ga shamuwa da kwushinta ya gan ta. To, balbela ma a bar ta da nata.