Lambar Takalmi Mudu Ce, Kowace Kasuwa da Nata

Duk wanda ya taɓa yin cefane a gari fiye da ɗaya ya san cewa mudu suna ne kawai. Kwanon da ake auna gero da shi a Dawanau, wanda arba'in ɗinsa ke cika buhu, ba shi ne mudun da za a miƙo maka a Kaduna ko Abuja ba, na can ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A Maraɗi da Damagaram tiya ake cewa, tana cin wajen kilo biyu da rabi na hatsi. Ka gangara Legas, gwangwanin tumatir da robar fenti ne ke mulki. Shi ya sa uwargidan da aka yi wa maigidanta canjin wurin aiki ba ta tsayawa a kan "mudu biyu muke ci a rana". Sai ta ga mudun garin da idonta, ta juye shi a kwanonta na gida, sannan ta san nawa za ta aika a auno.

Amma maigidan nan da ya san duk wannan, shi ne zai shiga Sabon Gari neman takalmi sau-ciki na zuwa ofis ko ɗaurin aure, ya tsaya a bakin shago ya ce, "Ba ni 42," ya zura ƙafa ɗaya yana zaune, ya biya, ya kama hanya. Mai hali in takalmi ya matse shi sai ya miƙa wa ƙaninsa ya sayi wani. Wanda ya yi wata uku yana tara kuɗin ba shi da wannan damar. Ko ya yi ta ɗingishi da bororo a dunduniya, ko takalmin ya kwana ƙarƙashin gado har ƙura ta binne shi. Ga mai ƙaramin ƙarfi, kuskuren lamba ya fi tsadar kasuwa ciwo.

Lambobin da muka fi sabawa da su, 40 zuwa 46, awon Turai ne, asalinsa daga Faransa. Lamba uku ke yin santimita biyu, wato tsakanin 42 da 43 bai kai milimita 7 ba. Ingila kuwa da ƙwayar sha'ir ta kafa nata awon: tun da can ƙwaya uku a jere ake lissafawa inci ɗaya, kuma har yau tazarar lamba da lamba a takalminsu sulusin inci ce, wajen milimita 8 da rabi. Amurka ta ari tazarar Ingila amma ta fara ƙirga daga wani wuri daban, don haka lambarta ta maza takan ɗara ta Ingila da rabi ko da ɗaya. Ƙafa guda ke nan, a Italiya 42, a Ingila 8, a Amurka 8 da rabi ko 9, a Brazil 40. Japan ce ta hutar da kowa, tsawon ƙafar take rubutawa da santimita.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne tsohon awon Sin, domin lambobinsa sun yi kama da na Turai alhali da rabin santimita yake hawa. A wannan awon, 42 na mai ƙafar santimita 26 ne, bai yi nisa da na Turai ba. Amma da an hau sai rata ta buɗe: 45 ɗinsu santimita 27 da rabi ne, na Turai kuwa yana ɗaukar ƙafar da ta kai 28 da rabi zuwa 29. Masu manyan ƙafa da ke kukan cewa lambarsu ta daina shigarsu, sau da yawa ƙafar tana nan yadda take, mudun ne aka sauya.

Ko a ƙasa ɗaya ma ba a tsira ba. Ana ɗinka takalmi ne a kan wani sassaƙen ƙafa na ice ko na roba, a ja fata a kansa har ta ɗauki siffarsa. Kowace masana'anta da irin sassaƙenta, wani siriri, wani mai faɗi, wani mai tudun baya. Masu ɗinki biyu a Ariaria ta Aba, shago na kallon shago, za su iya buga 43 a gindin takalmansu, na wannan ya zauna maka daram, na wancan ya hana ka sakat.

Mai awo ya san cewa zurfin kwano kaɗai ba ya nuna abin da zai ci, sai an duba faɗin bakinsa. Lamba tsawo kawai take faɗa. Ƙafa kuwa tana da tsawo, tana da faɗi a gindin yatsu, tana da tudu a bayanta inda igiya ke bi. Wani Ba'amurke mai suna Charles Brannock ya ƙera ƙarfen awon ƙafa a shekarun 1920 a garin Syracuse na jihar New York, kuma har yau ana amfani da shi a manyan shaguna. Abu uku yake aunawa: daga dunduniya zuwa ƙarshen yatsa, daga dunduniya zuwa gaɓar babban yatsa, sai faɗi. Shi ya sa za ka ga harafi kusa da lamba a cikin wasu takalman. A awon Amurka D shi ne matsakaici ga maza, E da EE masu faɗi ne. A na Ingila F ne matsakaici, G da H masu faɗi. Wannan harafin ya shafe mu ƙwarai. Ƙafar da ta tashi cikin silifas da fade da sandal yatsunta a baje suke, ba kamar wadda aka ɗaure cikin sau-ciki tun tana ƙarama ba. Yawancin abin da muke kira "ya yi mini kaɗan" ƙunci ne, tsawon ya isa. Sai mutum ya haura lamba biyu don ya sami faɗi, ya ƙare da takalmin da ke faɗuwa daga dunduniya, hancinsa ya lanƙwashe sama.

Maganin abin tsoho ne. Iyayenmu in za su sayo wa yara takalmin Sallah, tsinken tsintsiya ko sillen kara suke karyawa daidai tsawon ƙafar yaro su tafi da shi kasuwa. Babba ma ya kamata ya tafi da kwanonsa. Ka sami kwali ka ajiye a ƙasa, ka sa irin safar da za ka riƙa sawa da takalmin, ka tsaya a kai tsaye, nauyinka a kan ƙafa biyu, wani ya zagaye maka ƙafar da biro a miƙe. A zaune ƙafa ba ta bajewa, awon zai yi ƙarya. Ka auna duka biyun, domin da wuya ka sami mutumin da ƙafafunsa suka zo daidai, kuma babbar ake saya wa takalmi. Ka lura da yatsan da ya fi tsawo, a wasu mutanen na biyu ne ba babba ba. Ka yi wannan aiki da yamma, bayan ka sha zirga-zirga, saboda ƙafa tana kumbura da tsayuwa da tafiya da zafi. Takalmin da ya zo cif da hantsi zai iya zama azaba bayan la'asar, musamman a watan Afrilu. Sannan ka ari tef ɗin tela ka auna tsawon zanen, ka zagaya shi kuma a inda ƙafar ta fi faɗi, ka rubuta duka biyun da santimita. In kana son sanin lambarka ta Turai a ƙiyasce, ka ƙara ɗaya da rabi a kan tsawon, ka ninka da ɗaya da rabi: ƙafa mai 26 da rabi za ta ba ka 42. Kada kuma ka riƙe awon da ka yi kana saurayi, ƙafa tana ƙara faɗi da shekaru da ƙiba.

Ka yanke zanen nan ka sa a aljihu. A shago ka zura shi cikin takalmin. In gefensa ya naɗe, takalmin ya yi ƙunci. In ya kwanta lafiya kuma ya bar sarari kaɗan a gaba, to sai a yi maganar gwadawa. Abin da bai kamata ka yi ba shi ne ɗora tafin ƙafarka a bayan takalmi don ka ga ko sun zo ɗaya. Akwai kwanon awon da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki: daga waje cikakke, daga ciki tauyayye. Haka takalmi mai tsinin hanci yake, da mai kaurin soso, da mai faffaɗan gindi. Tsawon da kake gani a waje ado ne, yatsa ba ya shiga cikin tsinin nan. Cikin ake saye.

In ka zo gwadawa, ka sa ƙafa biyu, ka ɗaure igiya, ka tashi ka taka har bakin layi ka dawo. Tsakanin dogon yatsanka da ƙarshen takalmin a sami sarari kamar faɗin ɗan yatsan hannu, wajen santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Inda ƙafarka ta fi faɗi ya zauna daidai inda takalmin ya fi faɗi, domin a nan yake lanƙwasa in kana tafiya. Dunduniya ta kama, kada ta riƙa fita tana komawa. Bakin takalmin kada ya goge maka idon sawu. In mai igiya ne, ka dubi kunnuwansa biyu: in sun haɗe ƙam har ba sauran abin ja, ya yi maka yawa a baya, in sun wage sosai, tudun ƙafarka ya fi ƙarfinsa. Mai tudun ƙafa ya nemi irin wanda kunnuwansa suke a sake daga ƙasa, ya fi ba da wuri.

A nan ne za ka ji maganar nan da kowane mai saye ya sani: "Alhaji, ai sabo ne, kwana biyu zai buɗe." Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Fata ta ainihi tana sakewa ta gefe, kaɗan. Ba ta ƙara tsawo ko da za ka shekara da ita. Mafi yawan takalman araha kuma ba fata ba ne, leda ce aka yi wa zanen fata, ita kuwa ba ta sakewa yadda fata ke yi, sai dai ta tsage ko ta ɓare. In yatsanka yana taɓa gaba a shago, zai taɓa har ranar da za ka jefar da takalmin. In kuma ya yi yawa aka ce, "Yallaɓai, sai ka cusa auduga a gaba," ka sani auduga ba ta hana dunduniya zamewa. Rabin lamba ana iya cike ta da shimfiɗar ciki ko safa mai kauri. Lamba guda cur ba ta ciko.

Mu da muke cire takalmi sau biyar a rana a ƙofar masallaci, ga shiga zaure da ɗakin manya, maras igiya ya fi mana sauƙi. Sai dai shi ba shi da abin ɗaurewa, siffarsa kaɗai ke riƙe ƙafa. Don haka ya kamata ya ɗan kama jiki tun a farko, ba tare da ya matse yatsu ba, domin in fata ce za ta saki. Wanda ya saye shi da yalwa don ya riƙa zurawa da sauri, bayan wata biyu jan sa zai riƙa yi kamar silifas. Take masa dunduniya kuma shi ke kashe shi da wuri. Ƙaramin cokalin sa takalmi a aljihu ya fi arha a kan sabon saye.

Gwanjo fa? A Ƙofar Wambai ko Kasuwar Barci ta Kaduna, ranar da aka fasa dila, mai ido yakan tsinci takalmin fata na gaske a kuɗin da ba zai sayi sabo na leda mai kyau ba. Amma a nan lamba ta fi ko'ina rashin amfani: wata ta goge, wata ta Ingila ce, wata ta Amurka, kuma takalmin ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wani. Ka haɗa gindinsu biyu ka tabbata tsawonsu ɗaya, don akan haɗa ƙafar wannan da ta wancan a cikin tari. Ka zura hannu ka ji ko shimfiɗar ta yi rami a inda tsohon mai shi ke takawa. Ka ajiye shi a ƙasa ka duba ta baya, in ya karkata gefe guda, kai ma zai karkatar da kai. Ka lanƙwasa gindin, domin wani irin roba in ya daɗe a ajiye yakan farfashe a fitar farko. Dunduniyar da ta cinye mai gyara zai sake ta da kuɗi kaɗan, fatar da ta tsage kuwa ba ta da magani.

In saƙo za ka bayar, ko ta waya za ka saya daga wanda ya sa hoto a WhatsApp, kada ka aika lamba ita kaɗai. Ka ce a auna maka tsawon shimfiɗar ciki da tef a turo hoto, ka gwada da naka awon, kuma ku yi magana a fili tun kafin kuɗi su fita cewa in bai yi ba za a canza. Mai ciwon suga kuwa ya ƙara kiyayewa fiye da kowa. Ciwon yakan rage jin ƙafa, takalmi ya yi ta gurzar mutum bai sani ba har ƙaramin rauni ya zama gyambo. Shi kada ya dogara da "ban ji ya matse ni ba", ya duba ƙafarsa da ido bayan ya cire.

Ciniki shi ne na ƙarshe. Da yawa daga cikinmu da farashi muke farawa, mu yi ta ja har a ce an sallama, sannan kunya ta hana mu cewa bai zauna daidai ba. Ka fara da ƙafa. In takalmi bai yi ba, ko an rage rabin kuɗin ka ce, "Allah ya kawo kasuwa, Malam," ka wuce shago na gaba. In ka zaga ba ka dace ba saboda faɗin ƙafa ko tudunta, dukawa da masu ɗinkin takalmi suna nan a Kano da Aba da sauran garuruwa, za su zana ƙafarka a takarda su ɗinka maka a kanta, har ka koma a gyara in wani wuri ya ɗan matsa. Sayen nagari mai da kuɗi gida, kuma a takalmi nagari shi ne wanda za ka wuni a cikinsa daga ofis zuwa gaisuwar biki, ka dawo gida ba ka tuna da ƙafarka ba.