Jirgin Feshin Jan-baki da Matsalar Yankewar Mai

Manoman shinkafa na ƙauyukan da ke shan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ba su da abokin gaba irin tsuntsun jan-baki. Nauyinsa kusan giram 20 ne, amma yakan ci hatsi kimanin giram 10 a yini. Ke nan garken tsuntsu miliyan 2 zai iya lashe tan 20 kafin rana ta faɗi. Shi ya sa hukuma kan aiko da ƙaramin jirgin sama ya yi musu feshi a makwancinsu. Ana yin wannan aiki da almuru, jirgin na tafiya ƙasa-ƙasa. A irin wannan tsayi, in inji ya yi tari na ɗan lokaci kaɗan, matuƙi ba shi da sararin neman wurin sauka.

Daga cikin cututtukan irin wannan inji, wadda ta fi ba makanikai ciwon kai ita ce faɗuwar ƙarfin turin mai jefi-jefi. Allurar ma'auni ta sauka, ta koma daidai, in aka gwada a ƙasa kuma a tarar komai lafiya lau.

Tambayar farko ita ce: da allura ta faɗi, sautin inji ya sauya? In bai sauya ba, mai yiwuwa ma'aunin ne ke ƙarya, ko waya ta saki. In ya sauya, matuƙi na da gwaji biyu a hannunsa. Zai kunna famfon lantarki na ko-ta-kwana. In turi ya dawo, zargi ya koma kan famfon da inji ke juyawa, ko kan tururi a cikin bututu. Sa'an nan zai juya zuwa ɗaya tankin. In matsalar ta kau, laifin na tankin farko ne ko hanyarsa.

Maganar tururi ta shafe mu ƙwarai. A watan Afrilu zafin Talata Mafara kan haura digiri 40, kuma ƙarƙashin murfin injin da aka kashe yanzu ya fi haka nesa. Man jirgi ba ya jimirin zafi kamar ruwa. Ga shi famfo na zuƙarsa, zuƙa kuwa na rage nauyin da ke danne shi, sai ya soma tafasa a cikin bututu. Famfon da aka ƙera don tura ruwa ba ya iya kama kumfa. Da inji ya sha iska, kumfar ta ɓace ba ta bar shaida ba. Fetur ɗin mota ya fi saurin yin haka. Haka kuma mahaɗar da ta saki a ɓangaren zuƙa kan shigar da iska ba tare da ta ɗigar da mai ba, kuma cikin tsohon tiyo kan ɓare ya riƙa rufe hanya yana buɗewa.

Mai karatu zai ce me ya kawo malamin ilmin halittu cikin sha'anin makanikai. Dalili shi ne biyu daga cikin masu laifin rayayyu ne.

Na farko zanzaro. Kowa ya san dalilin huda gwangwanin madara wuri biyu: in iska ba ta shiga ba, madara ba ta fita. Tankin jirgi ma yana da 'yar kafar shan iska. Macen zanzaro na neman rami siriri ta gina ɗakin laka, ta zuba tsutsa ko gizo-gizo, ta yi ƙwai, ta liƙe. Kafar tanki daidai take da bukatarta, kuma a yankin noman rani laka ba ta yankewa ko da bazara. Jirgi zai tashi lafiya, sai bayan an sha mai na wani lokaci turi ya soma raguwa; da an buɗe murfin tanki a ƙasa, iska ta shiga, alamar ta gushe. Kada a raina wannan ƙwaro. A Fabrairun 1996 jirgin Birgenair ƙirar Boeing 757 ya faɗa teku bayan tashi daga Puerto Plata, mutum 189 suka mutu, kuma masu bincike sun fi zaton ginin zanzaro ne ya toshe bututun auna gudu bayan jirgin ya yi kusan mako uku a ajiye.

Na biyu fumfuna ce mai suna Hormoconis resinae, tare da wasu bakteriya. Ruwa kan shiga tanki ta raɓar iska mai laima, ko ta durom ɗin da aka bari tsaye a ruwan sama. Da yake ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a ƙasa. A daidai inda ruwa da mai suka haɗu waɗannan halittu ke zama, suna sha daga ƙasa suna ci daga sama. Sukan yi wata yauƙi baƙa-baƙa da ke ɓallewa in jirgi ya girgiza, ta toshe matata, sa'an nan suna fitar da sinadari mai tsami da ke cin ƙarfen tankin. Sun fi yaɗuwa a kananzir ɗin Jet A-1 da man dizal. A shuɗin fetur ɗin 100LL ba su cika kama ba, ko da yake ruwan kansa ya isa ya kashe inji.

A ganina rigakafin ya fi komai araha a harkar jirgi: a tsiyayi mai daga gindin kowane tanki cikin kwalba mai haske kafin tashi da bayan shan mai, a kwantar da durom a gefensa a inuwa, a rufe kafofi da mayafi mai jan ƙyalle in jirgi zai kwana, a kuma tabbatar an cire shi kafin tashi. Matuƙi kuma ya rubuta tsayi, zafi, tankin da ake sha da minti nawa da tashi duk sa'ad da allura ta motsa, domin da wannan rubutu makanike zai san inda zai fara kwancewa.