Idon Baƙo da Hannun Mai Zane

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani kuskure da na yi sa'ad da aka tura ni koyon koyarwa a wata makaranta a Nguru, don kada waninku ya maimaita shi.

Ran nan na ce wa yara kowa ya zana garinsu. Waɗansu suka zana tashar jirgin ƙasa, waɗansu rumbu da zaure, waɗansu masunta cikin fadama. Amma wani yaro sai ya zana babban kogi, da jirgi mai filafilai, da maza sanye da farar jallabiya. Na ce masa wannan ba Nguru ba ce, na ja masa jan biro. Ashe a Mai Wurno aka haife shi, can ƙasar Sudan, bakin kogin Nilu, inda mutanenmu suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903. Watau yaron bai yi ƙarya ba, ni ne ban tambaya ba.

Da na komo Gashuwa na yi ta tunanin abin. Na gane ido ma koyo yake yi, kamar harshe. Hasken da yaro ya fara gani, da launin ƙasa, da irin tufafin mutane, su ne ke zauna masa a zuci. In ya ɗauki alkalami, su za su fara fitowa.

Ga misali a Zariya. An haifi Gani Odutokun a 1946 a Nsawam ta ƙasar Gana, iyayensa kuwa mutanen Offa ne. Ya yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello, ya koyar a can har ya rasu cikin haɗarin mota a 1995. A wani zanensa ya nuna Mona Lisa, matar nan ta shahararren hoton Turawa, tana sassaƙa gunkin Afirka, shi kuma gunkin yana zana ta. A ganina, wanda ya san baƙunci tun yana ƙarami shi zai fi saurin lura cewa in al'adu biyu suka gamu, kowace tana gyara 'yar'uwarta.

Akwai kuma wanda nisa ke ƙara masa begen gida. Uzo Egonu ya bar Onica zuwa Ingila a 1945 yana yaro, can ya zauna har mutuwarsa a 1996, amma Nijeriya ba ta fita daga zanensa ba, har da baƙin cikin yaƙin basasa.

Yinka Shonibare kuwa a Landan aka haife shi a 1962, ya girma a Ikko, sa'an nan ya koma. Shi da atamfa yake aiki. Mu muna ɗaukarta kayanmu ne, alhali asalin adonta daga Indunusiya yake, a Holan da Ingila aka yi ta buga ta ana kawo mana. A 2010 ya kafa jirgin ruwa cikin ƙatuwar kwalba a dandalin Trafalgar, filafilansa duk na atamfa. Tambayarsa ita ce: wane ne ɗan gari, wane ne baƙo?

To, mu malaman gobe, mene ne namu a ciki? Nguru da Gashuwa garuruwan kasuwa ne, za mu sami yaran da suka tashi a Nijar, ko Cadi, ko Makka. In yaro ya zana abin da ba ka sani ba, kada ka yi saurin sokewa. Tambaye shi, ka sa ya bayyana wa aji.

Kafin in bar Nguru yaron nan ya zana mini kasuwa. Ya sa tsagen fuskar mata da ɗaurin ɗankwalinsu daidai, abin da sauran yara ba su kula da shi ba, don sun saba gani. Har yanzu zanen yana cikin akwatina. Allah ya sa mu zama masu tambaya kafin hukunci, amin.