Sandy Koufax: Bahagon da Ya Gagara

A kasuwar Idumota, idan ka miƙa wa ɗan kasuwa kuɗi da hannun hagu, mai yiwuwa ya ƙi karɓa. Hausawa da Yarabawa duk suna ɗaukar yin haka rashin ladabi ne. Amma a fagen wasa ba a raina hagu. 'Yan dambe suna shakkar bahago, domin naushinsa yakan fito ta inda ba a saba ba. Haka abin yake a besbol, wani wasan ƙwallo da ake ji da shi a Amurka.

A wannan wasa, mutum ɗaya yake jefa ƙaramar ƙwallo da ƙarfi, abokin hamayya kuma ya yi ƙoƙarin dukanta da kulki. Idan mai kulki ya kuskure sau uku, an fitar da shi ke nan. Saboda haka mai jifa shi ne ƙashin bayan ƙungiya. Cikin masu jifa da hagu, sunan Sandy Koufax yana sahun gaba.

An haife shi a unguwar Brooklyn ta birnin New York a shekarar 1935, ya shiga ƙungiyar Dodgers a 1955. A shekaru shida na farko bai taɓuka abin kirki ba. Yana da ƙarfin jifa, amma ba shi da saiti, har ya yi tunanin barin wasan. A 1961 abokin wasansa Norm Sherry ya ba shi shawara ya rage ƙarfi, ya mai da hankali ga saiti. Ya bi shawarar, daga nan tauraruwarsa ta fara haske.

Sau uku ya karɓi lambar Cy Young, wadda ake ba gwanin masu jifa: a 1963 da 1965 da 1966. A kakar 1965 kaɗai, sau 382 ya fitar da masu kulki. Ranar 9 ga Satumba na wannan shekara ya kara da 'yan wasan Chicago Cubs, aka fitar da masu kulkinsu sau 27 a jere, ba wanda ya tsira.

A watan Oktoba na 1965, wasan farko na gasar ƙarshe ya faɗo ranar Yom Kippur, ranar azumin Yahudawa. Koufax Bayahude ne, sai ya ƙi fita fili. Ƙungiyarsa ta sha kashi a ranar. Bayan haka ya dawo ya ci mata wasa na biyar da na bakwai, suka ɗauki kofi.

Duk wannan bajinta, da ciwo yake yin ta. Amosanin gaɓɓai ya kama gwiwar hannunsa na hagu. A ƙarshen 1966, yana da shekara 30, yana kan ganiyarsa, ya yi ritaya don kada hannun ya nakasa. A 1972 aka sa shi cikin zauren tunawa da gwanayen besbol, ƙungiyarsa kuma ta daina ba kowa rigarsa mai lamba 32.

Sababbin Kalmomi
bahago: mai amfani da hannun hagu
saiti: iya auna wurin da jifa zai faɗa
ganiya: lokacin da mutum ya fi ƙarfi da ƙwarewa

Tambayoyi
1. Me ya sa 'yan dambe suke shakkar bahago?
2. Wace shawara ce ta gyara wasan Koufax?
3. A ganinku, ya kyauta da ya bar wasa yana kan ganiyarsa? Ku kawo dalilai biyu.