Atisaye Mai Tsanani a Mubi: Sabubbansa da Abin da Yake Haifarwa

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta sami gindin zama tsakanin samarin Mubi, musamman ɗaliban Foliteknik ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa, wato motsa jiki mai tsanani wanda ake gwama gudu da tsalle da ɗaga ƙarfe da tsallen kwaɗo a lokaci guda, ana duban agogo ana ƙidayar adadi, ba hutu sai kaɗan, har sai numfashi ya nemi ƙwacewa. Asalin wannan tsari daga Amurka yake, inda Greg Glassman ya kafa CrossFit a Kalifoniya a shekarar 2000, bisa hujjar cewa abin da ya kamata a hori jiki a kansa shi ne ayyukan da rayuwa take buƙata, kamar ɗauka da turawa da ja da hawa. Kafin shi, a 1996, wani masani ɗan Japan mai suna Izumi Tabata ya nuna cewa daƙiƙa 20 na matuƙar ƙoƙari da daƙiƙa 10 na hutu, sau 8, suna ƙara wa zuciya da huhu juriya, ko da yake waɗanda ya yi gwajin da su samari ne lafiyayyu da suka riga suka saba da wasanni, sharaɗin da masu kwaikwayo suka fi yawan mantawa da shi.

Sabubban yaɗuwarsa ba ɓoyayyu ba ne. Mafi girmansu shi ne wayar hannu, domin ta majigin waya ilimin ya iso, ba ta hannun malami ba. Sai araha, tun da tsohuwar taya, da siminti da aka zuba a gwangwani biyu aka soka musu bututun ƙarfe, sun wadatar. Akwai kuma masu harin shiga soja ko ɗan sanda, waɗanda suka san gudu yana cikin tantancewa. A ganina ma abin da ya sami garin a watan Oktoba na 2014, lokacin da Boko Haram ta kama shi, jama'a suka fita da ƙafa ta cikin daji da duwatsu har zuwa Kamaru, ya bar wa yaran wancan zamani, waɗanda su ne samarin yau, wani irin girmama ƙarfin ƙafa da juriyar ƙirji.

Sai dai akwai abin lura a nan, wanda shi ne mabuɗin mas'alar. Manomin Fali ko Gude da yake hawa gangaren duwatsun Mandara da fartanya a kafaɗa, da matar da take daka ta kuma ɗebo ruwa, da ɗan dakon da yake sauke buhunan masara, da masu loda shanu a tirela a kara domin kai su Kudu, dukkansu sun daɗe suna aikata abin da Glassman ya tsara, alhali ba su biya kowa ko sisi ba. Saboda haka fa'idar atisayen tana wajen wanda sana'arsa ta zaunar da shi: ɗan kasuwa a rumfa, da mai tuƙa keke Napep, da ɗalibi, da ma'aikaci. Irin wannan mutum, idan ya dawwama a kai da tsari, nauyinsa yakan ragu, sukarin jininsa ya daidaita, barcinsa ya yi daɗi. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta nemi baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Amma wanda ya wuni yana dako, sa'an nan ya zo da yamma ya ɗaga siminti a kan cikin da bai ƙoshi ba, israfi yake yi da dukiyar da ita kaɗai ya mallaka.

Kamar yadda fukaha'unmu suka yi bayani cewa hukuncin aure yana saɓawa gwargwadon halin mai yinsa, har ya wajaba a kan wani ya haramta a kan wani, haka nake ganin wannan lamari, domin haɗarinsa bai cika zuwa daga nauyin ƙarfen ba, ya fi zuwa daga agogo da idon abokai, waɗanda suke hana mutum tsayawa a lokacin da jikinsa ya nemi a tsaya. Idan aka tsananta wa tsokar da ba ta saba ba, takan farfashe ta zubar da sinadaranta cikin jini, su je su toshe ƙoda. Alamarsa ciwo da kumburi da suka wuce ƙima, da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi, kuma wannan asibiti yake buƙata a ranar, ba man zafi da tausa ba. Zafin Maris da Afrilu, da yakan kai digiri 40, da ƙarancin shan ruwa, suna ninka wannan haɗari. Haka nan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna da rukunin jini AS, wanda mai shi lafiyayye ne a rayuwar yau da kullum, amma ya fi saura kusanci da wannan musiba idan gajiya da zafi da ƙishirwa suka haɗu masa. Mai sikila kuwa bai kamata ya kusanci wannan tsari ba sai da izinin likita. Hawan jini shi ma ba ya sallama, ga shi kuwa riƙe numfashi a ƙarƙashin kaya mai nauyi yana ɗaga shi nan take. Mafi muni duka shi ne saurayin da yake haɗiyar tiramadol domin kada ya ji gajiya, wanda ya kashe mai gargaɗin da Allah Ya sanya masa a jiki.

Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya fifita motsa jiki cikin littafinsa al-Ƙanun a kan sauran hanyoyin kiyaye lafiya, amma ya gindaya masa sharaɗin i'itidali da lura da lokacin cin abinci da yanayin mai yinsa. Gwajin rukunin jini da awon hawan jini ana yin su a asibitocin garin da kuɗi kaɗan, kuma su ya kamata a fara da su, musamman ga wanda ya haura shekara 40. Bayansu sai makonni na tafiya da sassarfa da ɗaga abin da bai fi ƙarfi ba, da asuba kafin rana ta ɗaga. A watan Ramadan kuwa, wanda a shekarun nan yake faɗowa kusa da bazara, sai a jinkirta mai tsananin zuwa bayan buɗa baki, ko bayan asham ga wanda ya fi son ya sami natsuwa.